Daga Kawo zuwa Maƙera

Da hantsi na sauka a tashar Kawo daga Zariya, na shiga motar da ke ratsa tsakiyar Kaduna, muka haye gadar kogi, muka wuce tashar jirgin ƙasa, sannan muka isa Maƙera, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Sunan unguwar ne ya jawo ni, domin a Hausa maƙera ita ce rumfar da ake ƙira a cikinta, kuma da ɗan sauyin karin murya, maƙera su ne masu sana'ar.

Abin da ya fara tare mini ido dogayen katangun masaƙun Kakuri ne, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1957, yawancinsu kuwa yanzu a rufe suke. Sai da na yi ta tambaya kafin wani mai shayi ya nuna mini wani lungu, inda na tarar da dattijo zaune gaban uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora abin ƙira a kai a daka, jikansa na zuga masa wuta da zugazugi, shi kuma ya damƙe jan ƙarfe da awartaki yana dukansa da masaba, har bakin fartanya ya fito.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, a ina kuke samun ƙarfe?" Ya nuna mini tsohon sifirin mota da ke jingine da bango, ya ce, "Ɗana, kakannina tama suke haƙowa su narka, mu kuwa 'yan gwangwan ne ke kawo mana." A ganina babban sauyin da sana'ar ta gani ke nan, domin tun da jirgin ƙasa da motoci suka wadata ƙasar da tsohon ƙarfe, narkar da tama ta mutu, ƙira kuwa ta ci gaba.

Ya bayyana mini cewa shi maƙerin baƙi ne, mai garma da lauje da gatari, wanda manomi ba ya rabuwa da shi, maƙeran fari kuma su ne masu azurfa da tagulla, masu zobe da munduwa. Shugaban masu ƙira shi ne Sarkin Maƙera, kuma dundufa ce gangarsu.

Da la'asar na biya ta kasuwar Panteka, inda samari ke walda suna haɗa ƙofofi da injin niƙa, aka ce mini da yawansu ba su gaji ƙira ba, koyo suka zo yi.