Yau aka zare wa Tsohuwa wayarin

Asabar, tsakiyar Agusta, Jos.

Tun jiya Baba mai wayarin ya kafa mini sharaɗi: in ina so a taɓa motar yau, to in iso Farin Gada da farar safiya, domin a watan nan da wuya a kai la'asar hadari bai haɗo ba, shi kuwa ba ya buɗe waya a cikin ruwa. Ina idar da sallar asuba na zura rigar sanyi, na jefa buhun wayarin da na sayo a kasuwar Dilimi a bayan mota, na ɗana 'yar wayar nan da nake ja daga kan batir zuwa famfon mai, sannan Tsohuwa ta yarda ta tashi.

Wannan 'yar wayar ita ce silar komai. Tsohuwa Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, injinta 1HZ, mai shan gas, lita 4.2, silinda 6, irin wanda Toyota ta fara yi a 1990. Babu kwamfuta a jikinsa. In ya riga ya tashi, wutar da yake buƙata don ya ci gaba da juyawa ta waya ɗaya ce tak, wadda ke zuwa wani ɗan makunni a jikin famfon mai. In wuta ta isa wurin ya buɗe wa gas hanya, in ta yanke ya rufe, inji ya yi tsit. A makon jiya, cikin taɓon wata hanyar ƙauye a bayan Bokkos, da buhunan dankali shaƙe a baya, wayar nan ta yanke a wani wuri cikin damin wayoyin motar, inda babu mai ganinsa. Ƙafa huɗu na ja, giya lafiya, tanki da mai, amma mota ta tsaya cik. Da na iso gari na kai wa Baba ya yi mini ɗori kamar kullum, sai ya leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Alhaji, ni na daina ɗori a motar nan. Ko dai a sauya wayarin gaba ɗaya, ko ka kai wa wani. Ba da hannuna za ta kama da wuta ba."

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, sai da ya zazzage buhun a kan tabarma ya baje wayarin da na sayo. Na Beljiyam ne, cirar wata motar. A Dilimi an fara miƙo mini wani mai kyan gani da sauƙin kuɗi, Allah ya sa Baba ya riga ya ja mini kunne in tambayi ɓangaren sitiyarin motar da aka cire shi. Na hannun dama ne, irin motocin Japan da Ostareliya. Mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a dama, sitiyarinmu na hagu, don haka akwatin fiyus da soket ɗin makulli da na mitoci duk za su faɗo a ɗaya gefen, sai an yanyanka an ƙara tsawo, ka ga an koma gidan jiya. Haka ma in na mota mai fetur ne, babu layin hita a cikinsa, wato abin da ke ɗumama injin gas kafin a tayar da shi. Wanda na ɗauko na hagu ne, na gas.

Yadda Baba ya duba shi ya burge ni. Ya kama waya ya lanƙwasa ta a kan yatsa ya ga ko robar za ta tsage. Ya leƙa cikin kowane soket yana neman koren tsatsa, alamar ruwa ya taɓa kwana a ciki. Ya kai hanci ya shinshina kusa da akwatin fiyus, wai wayar da ta taɓa ɗaukar zafi ƙaurinta ba ya barinta. Sannan ya sa yaronsa ya riƙe mita a wannan bakin, shi yana ɗaya bakin, suna bi layi-layi, mitar na yin ƙara in hanya a buɗe take. Soket biyu kunnuwansu sun karye, ya ce wannan ba komai, zai ciro na tsohon ya mayar.

Aikin ya fara da cire kan batir, na at tukuna, wato wanda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, da sufana mai lamba 10. Na tambayi yaron ko ya san dalili, ya ce in ka fara da mai wuta, sufana ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsin da za ta yi sai ya ƙona maka hannu, amma in an cire at ko ta taɓa babu abin da zai faru. Baba bai ɗago ba, sai dai na ga ya gyaɗa kai. Ni aka ba ni aikin ɗaukar hoto da wayata: kowane soket kafin a zare shi, kowane lungu da damin ya bi, kowace ƙusa da aka ɗaure at a kanta. Yaron kuma yana manna tef ɗin takarda yana rubuta lamba.

Da aka sauke mitoci da rediyo aka buɗe bayan dashbod, nan ne na ga abin da nake yawo da shi cikin daji. Abu na farko sheƙar ɓera ce, da ɓawon gyaɗa da guntayen buhu, a daidai kan bututun iska, kuma sun gaigaye robar wayoyi har jan ƙarfe ya fito fili. Mai ɗaukar amfanin gona ba ya rabuwa da su. Na biyu, akwatin fiyus. A gurbi guda an naɗe ƙonannen fiyus da takardar azurfa ta kwalin sigari, a wani gurbin an tsallaka da silin waya. Baba ya ciro ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Ka ga wannan? Fiyus an yi shi ne don ya mutu a madadin waya. Wanda ya yi haka ya hana shi mutuwa, sai waya ta mutu a madadinsa." Ya nuna mini layin da ke bayan gurbin: robar ta narke ta manne da ta maƙwabtanta guda uku, sun zama dunƙule ɗaya baƙi ƙirin.

Sai ɗore-ɗore. Motar ta ratsa hannaye da yawa kafin ta zo gare ni, kuma kowa ya bar tambarinsa. Akwai inda aka yi ƙari da wayar gida, mai sili ɗaya mai tauri, wadda aka yi don ta kwanta cikin bango ba ta motsi. A mota mai bin gargada kullum tana karkarwa, irin wannan sai ta gaji ta karye a cikin robarta, daga waje ka gan ta lafiya lau. Akwai wayar lasifika da aka ja wa fitilar daji. Akwai wata da Baba ya kankare da wuƙa, jan ya goge, fari ya fito: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, irin na arha da ya cika kasuwa. Kowane ɗori kuwa murɗawa aka yi da hannu aka naɗe da baƙin tef, tef ɗin ya sha zafi da ƙura ya saki, ya bar danƙo kawai. Ni dai a ganina mai irin wannan aikin bai fi wanda ya ce masa "yi mini sauri in wuce" laifi ba, don mu direbobi ba mu cika son jin aikin da zai cinye yini ba.

Ainihin inda wayar famfon ta yanke kuwa, a ramin da damin ke ratsawa daga ɗakin direba zuwa wajen inji aka same shi. Akwai zoben roba da ke zama a bakin ramin don kada waya ta gogi ƙarfe. Nawa babu shi sam, wani ya cire don ya cusa ƙarin waya bai mayar ba. Shekara da shekaru kaifin ƙarfen yana cin damin a hankali, kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya, sai dai a nan igiyar ce ta sha kashi. Ta wannan ramin ne kuma ruwa ke shigowa duk sanda na ratsa rafi.

Mun tsaya sallar azahar, muka ci gwate mai zafi a wajen matar da ke bayan garejin. Wani direban tifa da muka zauna benci ɗaya ya ce ɓarnar kuɗi nake yi, shi da waya biyu da makunni ɗaya yake tuƙa tasa. Ban ja da shi ba. Shi tsakanin Bukuru da cikin gari yake yawo, in ta mutu mai gyara na kusa.

Saka sabon ya fi cire tsohon cin rai. Baba bai yarda a finciko tsohon a jefar gefe ba. Ya shimfiɗa sabon a gefensa, a zare soket ɗaya a maye gurbinsa da ɗaya, a wuce na gaba. Cusa damin ta ramin nan ya ɗauki lokaci: an shafa wa sabon zoben ruwan sabulu, yaron yana ja daga wajen inji, Baba kwance rigingine a ƙasan sitiyari ƙafafunsa a waje yana turawa, yana faɗin, "A hankali, kai! Ba akuya kake ja ba." A wajen inji ya bi da damin ta inda kamfani ya bi da shi tun asali, nesa da bututun hayaƙi, nesa da fanka da bel, ya ɗaure shi a kowane maƙali, amma ya bar ɗan sassauci a inda waya ke tsallakawa daga jikin mota zuwa inji, domin inji na rawa a kan kujerunsa, in aka ɗaure tam sai ta tsinke.

Wajen at ya fi daɗewa. A motocin Toyota farar waya mai baƙin zane ita ce at, kuma duk inda ta ƙare da zobe a kan ƙusa sai da ya kwance, ya goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure, sannan ya shafa giris a kai. Ya ce yawancin motocin da ake kawo masa ana cewa aljanu sun shiga wutarsu, tsatsa ce a ƙarƙashin ƙusa ɗaya.

Ana cikin haka hadari ya taso, gari ya yi duhu. Muka ja tamfol muka rufe bonet da gilashin gaba, muka fake a rumfa. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba bai zauna haka nan ba, ya jawo fitilun dajina biyu ya haɗa musu nasu layin daban. Kowace wat 100 ce, biyun a kan bolt 12 suna jan kusan amfiya 17, abin da a da ake bi da shi ta cikin makunnin fitilar mota kai tsaye. Yanzu ya ja waya mai kauri daga batir, ya sa fiyus mai ruwan ɗorawa, na 20, dab da kan batir ɗin, ya sa rile, wato ɗan makunnin da ke ɗaukar nauyin babbar wuta, makunnin cikin mota aikinsa kawai ya taɓa rile. Bakin kowace waya ya matse shi da filaya a cikin kan ƙarfe, ya zura robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Ya kuma cika akwatin da fiyus na gaskiya, ja na 10, shuɗi na 15, kowanne a gurbin da murfin ya nuna, ya ƙulla mini ragowar a leda ya ce in ajiye a mota, in kuma ɗaya ya ƙone sau biyu a jere kada in ƙara masa girma, in kawo ta.

Da ruwa ya tsagaita aka zo gwaji. Bai mayar da kan batir kai tsaye ba. Ya sa ƙwan gwaji tsakanin kan at da batir, komai a kashe, ƙofofi a rufe: in ƙwan ya kama da haske sosai, akwai inda wuta ke zurarewa. Bai kama ba. Ya ɗaure, ya ce in murɗa makulli mataki ɗaya. Fitilun dashbod suka kawo har da wasu da na manta akwai su, na hita ta kama ta ɗauke, daga wajen inji kuma yaron ya ce ya ji ƙas ɗin makunnin famfo. Hitar nan ba abin wasa ba ce a garin da ke sama da mita 1,200, inda sanyin asuba kan sa injin gas ya yi ta tari kafin ya kama. Murɗa ɗaya ta tashi. Mita a kan batir ta nuna 14.1, wato altanato na caji yadda ya kamata. Hon, waifa, fitilar gaba babba da ƙarama, duk suka amsa.

Sai da na taka birki na kunna sigina ta hagu. Yaron da ke tsaye a baya ya fashe da dariya, wai duk fitilun baya suna ƙyaftawa tare, har da ta lamba. Baba ya shiga ƙarƙashi da tocila ya fito bayansa sharkaf da laka. Damin baya, wanda ke bin shasi zuwa fitilu da ma'aunin tanki, ba ya cikin abin da na sayo, kuma at ɗinsa ya ruɓe, soket ɗin cike da busasshen taɓon Bokkos. Ya ce wannan ba sai an je Dilimi ba, layukan ba su da yawa, zai saƙa mini sabo da hannu in na kawo waya mai kyau da bututun roba da za a zura ta ciki, amma ba yau ba, magariba ta kawo jiki kuma ƙasa a jiƙe take.

Na so in tafi da ita gida haka nan, ya hana, wai ba zai sake ni cikin dare da birkin da ke yi wa na baya ƙarya ba. Na bar masa makulli, na biya rabin kuɗin aiki, na ba yaron na shayi. Tsohon damin kuwa yaran gareji har sun fara rigima a kan wanda zai kai wa 'yan gwangwan. Na tari Keke zuwa gida, a hanya na kira mutumina na Bokkos na ce lodin Litinin ya koma Laraba, ya rufe buhunan da kyau kada ruwa ya taɓa su.