Asabar, ranar da na ja zanen Goggo

Ƙarfe ɗaya saura na dare. Baban Ummi ya yi barci tuntuni, ni kuwa idona biyu, a kan naira dubu ɗaya da ba ma tawa ba ce.

Safiya babu abin faɗa. Wanki, hazo, Ummi da majina. Na aiki Sadiq Kasuwar Rimi, ya dawo min da tattasai rabinsa ruɓaɓɓe.

Taron kiɗan nan da na yi sati uku ina damunku da tallar tikitinsa, na tara wa marayu kuɗin makaranta, yau aka yi shi bayan La'asar a cibiyar al'adun unguwarmu. Baban Ummi ya zille kamar yadda na zata, sai na ba Goggo tikitinsa. Tana jin an ce kiɗa ta ce ai ko da rarrafe za ta je. Ta ci ado da atamfarta ta biki, turaren wuta kuwa har mai adaidaita sahu sai da ya tanka. Laifina na farko ke nan, ban gaya mata wane irin kiɗa ba ne.

Matasa huɗu ne daga Sabon Gari, maza biyu mata biyu, duk cikin baƙaƙen kaya. Uku sun ɗora gogen Turawa a kafaɗa, na huɗun ya tokare wani ƙato a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Mai gabatarwa ya ce kiɗan wani ɗan Italiya ne, Vivaldi, kuma da gangan aka zaɓe shi, domin shi ma a gidan marayu mata na birnin Venis ya fara koyar da goge a 1703, 'yan matan suna kiɗa, mutanen gari suna zuwa saurare, gidan yana samun abin riƙe kansa. Goggo ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe mutumin kirki ne." Ya kuma roƙa a riƙe tafi, kiɗan kashi uku ne, sai an kai ƙarshen na ukun. Wannan kam ba ta ji ba, tana can tana ƙirga tsirkiya.

"Huɗu? Namu guda ɗaya ce, kuma har magana yake yi."

Na raɗa mata cewa abin da suke gogawa da shi izgar doki ce, irin tamu. Ta ce to ai 'yan uwa ne.

Na hunturu suka kaɗa, cikin kiɗansa na lokuta huɗu na shekara, ga shi mu ma leɓe duk ya tsage. Kashin farko da sauri, kamar haƙora na karo don sanyi. Da aka shiga na biyu sai komai ya kwanta. Sauran suka koma tsinkar tsirkiya da yatsa, ɗis, ɗis, kamar yayyafi a kan kwano, yarinyar da ke gefen hagu ita kaɗai take jan nata a hankali. Siririya ce, ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta rufe ido, haɓarta a kan katakon. Wallahi ni ma tsigar jikina ta tashi.

Ta gefen ido na ga hannun Goggo ya sauka bakin zaninta. Na san ƙullin nan tun ina yarinya, a nan kuɗin alewarmu yake zama. Ta kwance shi, ta zaro dubu ɗaya, ta shafe ta a cinya har ta miƙe, sannan ta dafa kujera ta tashi.

Ban yi tunani ba. Hannuna kawai na gani ya kamo zaninta ta baya.

"Goggo, don Allah ki zauna. Ba a yi a nan."

"Ba a yin me?"

"Liƙi."

Ta juyo ta kalle ni. Da tsawa ta yi min da ya fi sauƙi. Kallo ne kawai, daga ɗankwalina har takalmi, sai ta zauna, ta ninke kuɗin gida huɗu, ta mayar, ta ƙulle. Matar da ta sha ba mu labarin yadda ta yi wa Barmani Choge liƙi a gidan biki har jakarta ta koma wayam, yau 'yar ƙaninta ta zaunar da ita a gaban mutane. Kashi na uku ban ji komai a cikinsa ba. Da aka yi tafi ita ba ta yi ba.

A bakin ƙofa mun ajiye akwatin gudummawa. Na ce, "Goggo, ga inda ake sakawa, duk na marayun ne." Ta ce, "Akwatin ne ya yi min kiɗa?" Ta wuce.

A cikin adaidaita, maimakon in yi shiru, sai na ƙara kwaɓa ta. Na hau yi mata bayanin dokar Babban Banki ta 2007, wai liƙi wulaƙanta naira ne, ɗaurin wata shida ko tarar dubu hamsin. Dokar na nan, gaskiya ne. Amma ni da ita mun san ba ita ce ta miƙa hannuna ba. Wani mai tabarau ne a layin gabanmu da yake ta waiwayowa duk sanda aka yi tari, shi na ji kunya. Mutumin da ko sunansa ban sani ba. Goggo ta ce, "To." Daga nan har Mandawari ba ta ƙara ba, sai da za ta sauka ta ce in na ga yarinyar in gaishe ta.

Ɗazu na kasa barci na shiga intanet neman abin da zai wanke ni, sai na samo akasinsa. Ashe Mozart da kansa ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Faris a 1778, yana murna cewa mutane sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kiɗansa. Wannan zaman tsit ɗin da na kama wa Goggo zani a kansa, daga baya aka ƙirƙiro shi. Na kife wayar.

An dai tara abin da aka tara, sai Litinin za a ƙirga. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, abin mamaki.

Kujeru ɗari da ashirin muka hayo, sai an mayar da su kafin tara na safe, kuma makullin yana jakata. In na gama zan biya Mandawari da fura. Lambar yarinyar tana wurin mai gabatarwa.