Kunkuru ya dawo gida da kayansa

Lahadi, sha ɗaya ta wuce. Mun iso gida Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, lafiya alhamdulillah, kowa ya yi barci, ni ne dai idona biyu. Hannuna har yanzu ƙamshin Dettol yake.

Da asuba kam babu abin da ya kai wurin nan daɗi. Mun yi sallah a kan tabarma gefen Kunkuru, motarmu da muke yawo muke kwana a ciki, hazo ya kwanta a kan tafkin Bosomtwe kamar an shimfiɗa farin zane, masunta suna fita ɗaya bayan ɗaya a kan katakon nan nasu da suke kira padua, mutum ya haye ya riƙa tura ruwa da hannu. Hajiya ta zauna a kujerar roba da carbinta tana ta kallo, ta ce shekararta nawa a Kumasi ba ta taɓa kwana a bakin ruwan nan ba, alhali kilomita 30 ne kawai ko da ɗan ɗori. Rabi ta dama koko, Bilal da Hafsat suna rigima kan ƙosai na ƙarshe. Har na ɗauki waya zan yi muku hoto.

Sai Rabi ta leƙo ta ce, "Baban Bilal, abin nan fa ya nuna ja."

Waɗanda suka daɗe suna bin mu sun san masan Kunkuru, Porta Potti ɗin nan, wato masai na tafi-da-gidanka mai alamar da take nuna ja in ya cika, da Yaya Sani ya samo a kayan gwanjo, muka yi masa ɗan ɗaki a baya lokacin da motar take Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Tankin ƙasa lita 21 ne. Masu ƙera shi da mai goge jiki da takarda suka yi lissafi, mu kuwa da buta muke shiga, kowane tsarki lita guda ta tafi ko kusa da haka, ga ruwan kora. Shi ya sa muka yi doka tun farko, da rana kowa ya taka zuwa bayan gidan da ake biya a cikin ƙauye, na mota na Hajiya ne da yara da dare. To daren jiya aka tafka ruwan sama tun bayan isha har wajen ƙarfe uku, babu mai iya fita, mu shida kowa ya shiga. Kafin gari ya waye ya cika maƙil.

Na zare tankin na fito da shi, nauyinsa kamar galan Kufuor cike, babbar jarkar nan ta ɗibar ruwa. Ina ajiyewa Yaya ya taso ya ce, "Kawo nan, in zaga bayan gonar kokon can in juye, mu samu mu ƙara wuni."

Na ce, "Yaya, a nan?"

Ya ce, "To a ina? Ba daji ba ne?"

Na ce masa Yaya dubi ƙasar nan fa. Duk inda ka tsaya a wurin nan gangare ne zuwa ruwa, tafkin kansa rami ne da wani ƙaton dutse ya haƙa da ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce, tsaunuka sun kewaye shi kamar bakin ƙwarya, kuma babu kogi ko ɗaya da yake fita daga cikinsa. Abin da ya shiga ya shiga kenan. Ga ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ga hadari yana sake haɗowa, duk abin da aka zuba a bayan gonar nan kafin la'asar yana ƙasa, inda matan can suke wanki, inda Bilal ya yi wanka jiya, inda aka kamo karfasar da muka ci da yaji. Na ce ko a littafin masu yawon daji, ramin da ake cewa mutum ya tona, mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da mita 60, na mutum ɗaya ne sau ɗaya, ba na lita 21 da aka kwaɓa da magani ba. Na ce tun 2016 UNESCO ta sa wurin nan cikin wuraren da ake karewa, kuma mutanen nan wuri ne mai alfarma a wajensu, baƙi ne mu, ba wanda ya ce mana ku tashi, har ayaba aka kawo mana. Na san na yi magana da yawa, kuma muryata ta ɗaga fiye da yadda ya kamata ƙane ya ɗaga wa wansa a gaban yara.

Yaya ya bari sai da na gama. Ya ce, "Awakin ƙauyen nan a ina suke nasu? Duk gidajen da ke bakin ruwan nan ka bi ka duba inda nasu yake tafiya? Namu ɗan cokali ne zai ɓata tafki?"

Na ce, "Nasu ba a wuyana yake ba Yaya, wannan ne a wuyana."

Sai ya yi murmushin nan nasa da kuka sani, ya ce, "Malam, laifi tudu ne. A hanyar Bole bara, wa ya juye?"

Wallahi kamar an watsa min ruwan sanyi. Don ni ne. Ban ce komai ba, shi ma bai ƙara ba, muka tsaya tankin yana tsakaninmu, Hafsat ta toshe hanci tana kallonmu.

Hajiya ce ta raba. Ba ta ko juyo ba, ta ce, "Sani, ku sa shi a mota. Da shi muka zo, da shi za mu koma." Yaya ya ce Hajiya wari fa, ga zafi, ga hawan dutse. Ta ce ita za ta zauna kusa da shi. Sannan ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ji tsoron abubuwa uku masu jawo tsinuwa, yin bayan gida a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwa. Daga nan ta shiga ba mu labarin zamanin salgar bokiti a Zango, yadda mutane suke zuwa da tsakar dare su zare bokitin ta baya su ɗora a ka, yara suna yi musu waƙar tsiya, manya suna kawar da kai ko gaisuwa babu. Ta ce akwai wani dattijo da yake ɗaukar na gidansu, kakarmu takan ajiye masa tuwo a bakin ƙofa, wata rana ya ce mata a duk layin gidan nan ne kawai ake amsa masa sallama. Ta ce, "Wani ya ɗauki namu a kansa shekara da shekaru, ku na awa ɗaya a cikin mota ya gagare ku?"

Yaya da kansa ya ɗauko igiya. Muka duba murfin ya ɗauru, muka sa tankin cikin babbar baƙar leda, muka ɗaure shi a tsaye jikin ƙafar gado don kada ya kwanta a kwana. Bai ƙara ce min uffan ba.

Ruwan sha kuma, tunda wasunku suna tambaya. Fiya wata jaka 4 muka ɗauka, kowace 30 a ciki, rabin lita rabin lita, lita 60 kenan, mun dawo da jaka ɗaya da 'yan kai. Ledojin duk suna buhu, ko ɗaya ba mu bari a can ba. Galan uku na bohol ɗin gida don girki da alwala, kowanne na jefa masa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwan sha, aka bar shi minti 30 kafin a taɓa. Na huɗu mai jan ƙyalle a hannu shi ne na ruwan tafki, na kora masai ne da wanke ƙafa kawai. Yau da hantsi na kama Bilal zai ɗura wa Hajiya buta daga mai jan ƙyallen don ta kuskure baki, na ƙwace, na sa Rabi ta tafasa ruwa ya yi minti guda yana ɓararraka aka ɗauraye butar. Rabi ta ce na cika tsanani. Ni kuma 2014 ba ta fita daga kaina ba, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da dubu 28 a ƙasar nan, sama da 240 suka rasu, akasari a Accra, ina Nima a lokacin wajen Kawu, na ga yadda ake fita da mutum a kafaɗa cikin dare, jiya lafiyarsa ƙalau. Hajiya ba ta da jikin da za ta yi gudawar kwana biyu.

Mun taso sha ɗaya. Hawan nan daga Abono, ƙauyen bakin tafkin, sai da Kunkuru ya yi nishi a giya ta ɗaya. Hajiya tana baya kamar yadda ta ce, taga a buɗe, ta ja mayafi ta rufe hanci, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Bayan Kuntanase na tsaya a wani gidan mai na roƙi yaron wurin ko zai bari in juye a masansu in biya. Ya leƙa ya ga abin ya ce a'a, maigidansa zai kore shi. Ban ga laifinsa ba. Wajen Dompoase muka ci karo da tankokin kwasar bayan gida suna shiga inda ake zubarwa, Bilal ya ce Baba ga manyan yayyen namu can, kowa ya yi dariya har Hajiya, ban da Yaya da ke tuƙi.

Atonsu cunkoso. Mun sayi burodi. Azahar a gida.

Sai bayan isha na juye, da mutanen gida suka rage zirga-zirga. Ga mai irin wannan masai, kada ka buɗe murfin kana sunkuye a kansa in ya sha zafi da girgiza, iska takan taru a ciki. Ka juya bututun, ka kwance a hankali, in ka karkata shi ka danne maɓallin iskar da babban yatsa, zai zuba sumul ba fantsama. Na ɗauraye sau uku har ruwan ya fito fari. Maganin ma tun bara na bar shuɗin da nake da shi na koma kore, don na karanta jikin robar na ga akwai fomalin, shi kuwa yana kashe ƙwayoyin da suke narkar da ƙazanta a cikin sokawe, kuma sokawen gidan nan na iyali bakwai ne ba namu mu kaɗai ba. Minti goma duka-duka. Abin da muka kusa ɓatawa da Yaya a kansa kenan.

Yaya bai tsaya cin tuwo ba. Ya sauke kaya, ya durƙusa ya yi wa Hajiya sai da safe, ya ce wa Rabi an gode, ni ya ɗaga min hannu daga nesa. Gobe kafin ya fita shago zan je in ba shi haƙuri kan muryata. Kan tankin ba zan ba da haƙuri ba.

Amma ba fushin Yaya ne ya hana ni barci ba. Maganar hanyar Bole ce.

Watan hunturu ne, muna dawowa daga Wa, tsakanin Bole da Bamboi muka ratse muka kwana. Da safe tankin ya cika, na duba gabas na duba yamma babu rafi babu rijiya, ƙasa ta bushe ƙamas, na ce a raina ai rana za ta cinye. Na ɗauka na yi tafiya kaɗan, na ga wata kaɗanya babba mai rassa, na zaga bayanta don kada masu wucewa a titi su gan ni, na juye a gindinta, na tura ƙasa da ƙafa na rufe sama-sama. Har yau da safe ina ganin na yi daidai tunda babu ruwa kusa. Duk surutun da na yi wa Yaya a kan ruwa na yi shi. Sai da Hajiya ta kai kan na ukun, inuwa, sannan bishiyar ta dawo min.

Ita kaɗai ce mai inuwar kirki a duk filin. Akwai duwatsu uku a gindinta da baƙin toka a tsakani, wato wani yana hura wuta a wurin, akwai guntun itace da aka kwantar ya yi santsi saboda zama. Na gansu da idona a ranar, na matsa taku biyu kawai na zuba. Kuma kaɗanya ce, da damina ta faɗi mata da 'yan mata ne suke fitowa tun duhun asuba suna tsintar 'ya'yanta a ƙasa, da hannu, yara suna shan na nunannun a nan take ko wankewa babu.

Na tashi na yi alwala na yi raka'a biyu, na dawo na kwanta, na sake tashi. Rabi ta farka ta ce lafiya, na ce lafiya lau, ta koma. Galan mai jan ƙyalle yana cikin mota har yanzu da sauran ruwan Bosomtwe a ciki, na manta ban sauke ba, kuma Bilal ne yake fara fita da safe. Bari in ɗauki tocila.