Ranar da na ajiye jan biro

Shekara 19 na yi ina riƙe da alli a wata firamare cikin garin Daura kafin a ɗora mini zagayen makarantun karkara, wai in riƙa tallafa wa malamai. Tallafin a takarda ya tsaya. Abin da nake yi shi ne in hau babur da sassafe, in faɗo makaranta ba sanarwa, in karɓi littafin tsara darasi in bi shi da jan biro.

Wata makaranta can wajen Baure, dab da iyakar Nijar, ita ta sauke mini girman kai. Aji shida a rajista, ɗaki uku a ƙasa, malamai huɗu har da hedimasta. Aji biyu yana hannun wani saurayi mai takardar shaidar malanta ta NCE da bai fi shekara da kama aiki ba. Na ƙirga yara 87 a kan tabarmi da buhunan taki, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya, yara 35. Yana karanto abin da ke allo suna amsawa baki ɗaya, ana jiyo su har bakin rijiya. In a waje ka tsaya, sai ka rantse karatu ya zauna. Na kira wata yarinya, na rubuta mata "tuwo" a bayan takarda. Ta dube ni, ta dubi malaminta, ta ce, "A, B, C."

Nan na yi ta faɗa a gaban hedimasta. Saurayin ya bari na gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni darasin addini na karanta a kwaleji. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi. Da Baba zai nuna mini ko sau ɗaya."

Na karɓi allin da gadara. Ban yi minti goma ba na baya suka ɓalle, wasu na dambe, wani ya fice ta taga. Sai a ranar na gane yaran da nake alfahari da su a gari ba ni kaɗai na koyar da su ba. Suna da yayye masu duba musu littafi, suna wuce allunan shaguna kullum, wasu ma sun yi nazare. Ɗan ƙauyen nan kuwa, in malamin aji bai ba shi boko ba, babu mai ba shi. Kuma shi ne aka haɗa da malamin da ya fi kowa sabunta, aka bar su su biyu.

Abin da ciwo a ce a Katsina ne, inda aka kafa kwalejin horon malamai tun 1921, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta. Mu da muka fito daga kwalejojin horon malamai na da, shekara biyar muka yi ana gasa mu a kan yadda ake tsayawa gaban yara. Bita kuwa ana yi, ban ce ba a yi ba. Kwana uku a zaure, a ba ka kuɗin mota da takardar shaida. Amma sau da yawa na kusa da gari ake kira, kuma ko ka je, ranar Litinin kai kaɗai za ka koma ka tarar da 87 ɗinka.

Mafitar daga bakin hedimastan ta fito, muna cin gyaɗa a gindin darbejiya. Ya ce ai yaran nan duk suna zuwa makarantar allo, kuma can da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru. Wato yaro ya riga ya san ana ɗora wa baƙi wasali ya ba da sauti. Me zai hana mu bi ta ƙofar da ya sani? Ga shi a lokacin tsarin ilimin kansa ya daɗe da cewa a koyar da ƙananan ajujuwa da harshen gida. Muka yanka kwalin taliya, muka rubuta ba, bi, bu, ta, tu, wo. Yaro ya ɗauki "tu", abokinsa ya ɗauki "wo", su tsaya kafaɗa da kafaɗa, aji ya karanta su. Littattafan Hausa na shirin koyar da karatu da lissafi na RANA, wanda aka yi a Katsina da Zamfara, sun taimaka inda suka kai. Inda ba su kai ba kwali ya tsaya mana.

Daga nan na soma tara malaman makarantu biyar duk bayan mako biyu. Ɗaya ya koyar na minti goma, sauran mu zama ɗalibai, har da mai yin barcin ƙarya. Sharaɗi ɗaya ne: ka faɗi abu guda da ya yi kyau, ka faɗi guda da za a gyara, ba ƙari. Ni na fara tsayawa aka gyara mini, don kunya ta fita. A nan aka gano rabinmu ba ma sa wa ɓ, ɗ da ƙ lanƙwasa. Wani dattijo ya rubuta "mun yi baki" yana nufin baƙi, aka yi ta tsokanarsa har ƙarshen zango.

Na yi wauta ma. Zaman farko ranar kasuwa na sa shi, mutum biyu suka zo. Da damina na dage sai an yi da yamma, na manta kowane malami a nan manomi ne. Malama ɗaya tilo da muke da ita ta daina zuwa, sai da na je na gaida maigidanta muka daidaita a kan a riƙa tashi kafin la'asar. Ita 'yar garin ce, cikin 'yan matan karkara da aka ɗauki nauyin karatunsu na NCE bisa sharaɗin su dawo gida su koyar. Ita ce kuma ta kawo dabarar zaunar da yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon tsawo ba: masu baƙi gefe, masu gaɓa gefe, masu kalma su taya na baya.

A zango na uku na sake rubuta wa yarinyar nan "tuwo". Ta karanta, ta karɓi biron ta ƙara "da miya" a gaba.

Saurayin nan ya goge har ana kawo wasu su kalli ajinsa. Shekara ba ta zagayo ba sunansa ya kai gari, ya samu canji zuwa wata makaranta mai fanka da benci. Ban ga laifinsa ba. Kullum kilomita mai yawa yake ci a babur, ga aure a gabansa. Ya zo har gida ya yi mini sallama, ya ce, "Baba, na bar kwalayen a ofishin hedimasta."

Makon jiya na je. Sabon malamin aji biyu ilimin zamantakewa ya karanta, watansa biyu da kama aiki. Yana hango babur ɗina ya ruga ya ɗauko littafin tsara darasi. Na ce ya ajiye, ya je ofis ya ɗauko mana jakar kwalayen nan, ya haɗo da alli biyu.