Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Zaren Goggo Ya Shiga Karofi

Makon jiya na tsaya a inda Yaya, uwargidan maigidanmu, ta ja hannuna bayan sallar isha'i ta kai ni gidan uwar adashi, ina da wata bakwai da tarewa. Yau zan ba ku labarin matan da na tarar a can, da wata fita da muka yi zuwa birnin Kano wadda har gobe ba ta bar raina ba.

Mu ashirin da uku ne a adashin. Kowace Juma'a ana zuba naira biyu, a ɗora sule biyar a kai na asusun ko-ta-kwana. Da yake yawancinmu muna cikin kulle, yara ne ke kai zubi, ɗaure a bakin zane ko a ƙasan farantin talla. Wata ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, wata daddawa, wata dama fura, ni kuwa ɗinkin hula na taho da shi daga gidanmu. A lokacin rediyo ba ta da zance sai na shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka fara a 1987. Muna saurare, muna jin daɗi an tuna da mu, amma adashinmu ya girme shi nesa ba kusa ba. Uwar adashi ta gaje shi ne daga uwar mijinta.

Kuɗi kuma ba su ne kaɗai suka haɗa mu ba. In wata ta haihu, kwana bakwai ba ta san inda itacen ruwan wanka yake fitowa ba, kunun kanwa ma sai dai ta ga an shigo da shi. In aka yi rasuwa, mu ke karɓar tukunya har sadakar uku. Amma abin da na fi so shi ne daɓe. Duk wadda za ta aurar da 'ya, sai a sa rana, maza su zubo tsakuwa da jar ƙasa su fice, mu shiga ɗakin da madaɓai. A jera gwiwa a ƙasa, hannu ya tashi tare ya sauka tare, wata tana ba da waƙa muna amsawa, ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu kamar an shafa mata mai. A wurin daɓe na fara jin muryata ta fita a garin nan. Kafin nan, in ba gaisuwa ba, babu wanda ya san yadda nake magana.

Fitarmu kuwa ba ta wuce biki, suna, dubiya da gaisuwar mutuwa, su ma sai rana ta faɗi, kuma ƙauyukan da ke kewaye da mu ne a ƙasar Bichi. Birni dai sai a bakin maza.

A 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, damina ta yi mana kyau, rashin lafiya kuma ta yi sauƙi, sai asusun ko-ta-kwana ya tara abin da bai taɓa tarawa ba. Bayan an gama ƙidayar jama'a ta watan Nuwamba muka zauna a kan yadda za a yi da shi. Wasu suka ce a raba, wasu suka ce a sayi babbar tukunya ta biki. Ana cikin haka sai Goggo ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa, inda take zama kullum saboda ba ta son hayaƙin fitila.

Goggo ƙanwar mahaifin maigidanmu ce. Ba ta da ɗa a raye, a sashenmu take zaune, kuma ita ce mafi tsufa a adashin. Zubinta daga kaɗi yake fitowa, ko da yake a lokacin masu sayen zaren hannu sun kusa ƙarewa. Ta ce, “Ni dai in da za a ji tawa, a kai ni in ga karofin birni. Tun ina budurwa nake kaɗi, fatake na kwashe zarena suna cewa birni za su kai, a saƙa a rina. Ban taɓa ganin ramin da yake shiga ba.”

Ɗakin ya yi tsit. Uwar adashi ta ce, “Goggo, an gama. Sauran aikin nawa ne.”

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne, don izinin maza ashirin da wani abu ake nema. Dabarar da ta yi ita ce, akwai ɗaya daga cikinmu da ke kwance a asibitin Murtala, an yi mata aiki bayan doguwar naƙuda, kuma asibitin a Ƙofar Mata yake, daf da marinar. Ta je wurin liman ta faɗa masa gaskiya duka: za mu dubiya, kuma za mu kai Goggo ta ga karofi. Liman ya ce dubiya lada ce, faranta ran tsohuwa ma lada ne, ya kuma ba da ƙaninsa ya raka mu. Da maganar ta fito daga bakin liman, yawancin maza suka sauko. Namu maigidan ya ce Yaya ta je, amarya ta zauna. Ban ce komai ba, na shiga ɗaki na kwanta ina kallon rufi. Sai na jiyo takun sandar Goggo ta nufi turakarsa. Abin da na ji kawai shi ne, “To wa zai riƙe mini hannu? Kai?” Da asuba Yaya ta leƙo ta ce, “Tashi ki shirya, 'yar nan.”

Mu goma sha shida muka samu tafiya, a hayis ɗin da aka yi shata. Hunturu ya sauka, hazo ya rufe gonaki, kowa ta ƙudundune a mayafi da ƙunshin dambu da ƙuli-ƙuli a cinya. Kuɗin motar nan babu sisin namiji a ciki, kuma na ga yadda hakan ya sa kowa ta zauna daram. Muka hau titin Katsina, muka wuce Dawanau da tulin buhunan hatsi da manyan motoci, muka shiga Kurna, gidaje suka fara haɗewa da juna babu gona a tsakani. Goggo ba ta kalli taga ba ko sau ɗaya. Hannunta na kan wani ƙullin tsumma da ta ɗora a ƙirji.

Asibiti muka fara zuwa. Ba a bar mu mun shiga gaba ɗaya ba, sai hurhuɗu. Da mara lafiyar ta gan mu sai ta rufe fuska da zane tana kuka, don ba ta zaci ko mutum biyu za su zo daga gida ba. Uwar adashi ta tura mata Murtala uku a ƙarƙashin matashi, wato naira sittin daga asusu, muka yi mata addu'a muka fito.

Daga nan da ƙafa muka taka. Wari ne ya fara tarar mu, wani irin tsami mai nauyi, kamar na daddawa da toka a haɗe. Wasu suka toshe hanci. Goggo ta tsaya cak ta ja numfashi, ta ce, “Warin baba ne, ganyen rini. Haka rigar Malam take ƙamshi ranar da aka kawo ta.” Mijinta take nufi, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba.

Fili ne mai faɗi, ƙasa duk ta yi shuɗi-shuɗi, ga ramuka a jere kamar bakin rijiyoyi, wasu an kife su da murfin kaba. Da yawa sun bushe, shara ta cika su. Waɗanda ke aiki, kowanne da mutum a tsugune a bakinsa. Ƙanin liman ya yi sallama ya yi bayani, sai wani dattijo ya miƙe ya shimfiɗa wa Goggo buhu a bakin raminsa, ya ce, “Bismilla, Iya. Zauna ki gani da kyau.” Hannayensa har gwiwar hannu baƙi ne mai shuɗi, faratansa kamar an yi musu lalle da shuni.

Shi ya yi mana bayani. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi sosai. Ana cika shi da ruwa, a zuba toka da kanwa da busasshen baba, a bar shi makonni yana ruɓa, ana motsawa da muciya har kumfa ta taso, sannan a san ya nuna. Ya ce a wurin iyayensu suka ji cewa marinar nan tun 1498 take, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi. Ya ce a da Buzaye daga Agadas har nan suke zuwa neman baƙin rawani mai ƙyalli. Da uwar adashi ta tambaye shi dalilin bushewar ramuka, sai ya nuna mu da haɓa, mu da atamfofinmu na Kantin Kwari, ya ce, “Ga dalilin nan a jikinku, Hajiya.” Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma babu wadda ta musa.

Sai Goggo ta kwance ƙullinta. Zare ne fari, arafiya, siriri kamar gashi, an naɗe shi da kyau. Ni na san zaren nan. A gabana ta gurje audugar a kan magurji, ta shiɓe ta da baka, ta yi sutu, ta zauna da mazari da tasa da alli a gefe tana dangwala yatsa, dare bayan dare, idonta ba ya gani sosai amma yatsunta na gani. Dattijon ya karɓa ya ja silli ɗaya ya ɗaga shi sama, ya daɗe yana dubawa. Ya kira na kusa da shi, ya ce, “Zo ka ga abin da aka daina.” Marina huɗu suka taso suka kewaye zaren, suna miƙa wa juna. Ɗaya ya ce rabonsa da ganin arafiya irin wannan tun mahaifiyarsa na da rai.

“Iya, ke kika kaɗa wannan?”

“Ni ce, ɗan nan.”

“To ba ni zan tsoma shi ba. Ke za ki tsoma.”

Ya jiƙa zaren da ruwa ya matse, ya miƙa mata. Na riƙe ta ta baya, hannuna biyu a ƙugunta, ina jin ƙasusuwanta ta cikin zane. Ta sunkuya ta tura hannu cikin kumfar har wuyan hannu. Ya ce ta riƙa murzawa a hankali a ƙarƙashin ruwa, kada ta bari ya nutse. Da ya ce ta ɗago, sai zaren ya fito kore-kore, kamar ruwan gansakuka. Na ji gabana ya faɗi, na zaci ya lalace. Ya ce, “Ku dai duba.” Muna tsaye, iska na bugunsa, koren ya fara juyewa a kan idonmu, ya koma shuɗi. Mata suka ɗauki salati. Wata ta rangaɗa guɗa, ta manta a tsakiyar maza take, marina suka yi ta dariya.

Sau tara tana tsomawa tana ɗagowa, duk ɗagowa shuɗin na ƙara duhu. Dattijon ya ce baƙi sosai sai an shafe sa'o'i, ta ce wannan ya ishe ta. Ba ta yi kuka ba. Bakinta ne kawai ke motsi, da na kai kunne sai na ji sunaye take kira, na matan da suka yi kaɗi tare a tsakar gida ɗaya, duk sun riga ta. Uwar adashi ta ciro kuɗi, dattijon ya ɗaga hannu ya ce, “Haba Hajiya. Mu da muka ci abinci da zarensu shekara da shekaru?”

Sauran yinin da gudu ya wuce. Muka leƙa mabuga, inda maza ke jere suna dukan shadda a kan gungume da manyan sanduna, sautin ya tuna mana daɓe har wasu suka fara gyaɗa kai. Muka yi azahar, muka ci dambunmu a inuwa, muka bi ta Ƙofar Kudu muka ga gidan Sarki Ado Bayero daga waje da dogarai cikin ja da kore. A Kurmi na riƙe mayafin Yaya gam don kada in ɓace a lungunan, na sayi zaren hula kala uku da kwalli. Masu ƙarfin gwiwa sun so hawa Dala, direba ya ce rana ta yi, sai daga mota muka hange shi.

A hanyar komawa kowa na magana a lokaci ɗaya. Goggo na gefena, zaren mai danshi a cinyarta cikin leda, ta buɗe tafin hannunta na dama tana kallo. Shuɗin ya shiga duk tsagar fatarta. Da muka isa gida Yaya ta kawo mata ruwan ɗumi da sabulu, ta ce alwala kawai za ta yi, kada a cuɗa mata. Kwana goma sha ɗaya launin na faratanta, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta miƙa masa hannun ya gani.

Zaren bai je wurin masaƙi ba. Ni ta ba, ta ce in yi wa ɗan da ke cikina hula da shi, alhali ko Yaya ban gaya wa ina da ciki ba. Goggo ta rasu kafin saukar ruwan farko, wata biyu kafin in haihu. Matan adashi ne suka karɓi tukunya har sadakar uku, kwasarta kuma da ta zagayo aka yi mata sadaka da ita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin haihuwar, da daren da aka rasa motar da za ta kai ni Bichi.