Jirgin ruwana ya daina shan ruwa, Alhamdulillah

Wallahi yau naji daɗi sosai. Wata uku kenan ina haɗa ƙaramin samfurin jirgin nan na sauke sojoji a bakin teku, irin wanda Andrew Higgins ya ƙera a Amurka, wanda aka yi amfani dashi a gaɓar tekun Normandi ta ƙasar Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 6 ga Yunin 1944. Na asalin ma yawancin jikinsa filawud ne, sojoji 36 yake ɗauka, shiyasa nima na yanka filawud siriri da hannuna.

Ranar farko da na sakashi a bahon wanki ko minti biyar bai yi ba ruwa ya taru a ciki, raina ya ɓaci gaskiya don nasan in katakon ya jiƙe zai kumbura gam ɗin ya saki. Na shanyashi kwana biyu, na goge da sanfefa, na shafa gam ɗin Araldite a duk mahaɗar katako ciki da waje, don fenti kaɗai baya toshe ƙananan ramukan nan, sannan na bi da fenti shafi uku ina bari kowanne ya bushe tukuna.

Ƙofar gaban nan mai saukowa ita tafi bani wuya. Sai na yanko robar tub ɗin keke na manna a gefenta, in ta rufe sai ta matse gam. Bututun da sandar farfela ke bi ta ciki kuma na cusa masa giris.

Ɗazu na shimfiɗa tishu a cikinsa na barshi a ruwa awa uku, na ɗago tishun a bushe ƙayau. Gobe in Allah ya kaimu zan ɗaura masa ƙaramin injin lantarki da batir.