Haɗa wa ƙaramar mesa akwatin da ba za ta sulale ba

Ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidajen Turai da Amurka ƴar yankinmu ce. Ƙaramar mesa nake nufi, wadda masana ke kira Python regius, mai dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiyar jiki idan ta tsorata. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita waje, da takardar izini ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji. Ba ta da dafi, tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 90 da 150, tana kuma kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A kanta bayanin nan ya tsaya. Babbar mesa, wadda jinsinta daban ne, tana iya wuce mita 4, ba dabbar ɗaki ba ce. Mai sha'awar ajiye kububuwa ko kasa ko gamsheƙa kuwa, ya fara leƙa asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya ga aikinsu a ƙafar mutum.

Daga ƙofa ake fara tunanin akwatin, ba daga ado ba. Mesa da dare take yawo, kuma za ta kwana tana bin kowace kusurwa tana tura hanci. Inda ya motsa yau, nan za ta koma gobe. Duk ramin da kanta ya shiga, sauran jikin zai bi. Ɗora littattafai ko bulo a kan murfi ba rufi ba ne, domin jikinta tsoka ce zalla, gefe ɗaya kawai za ta ɗaga ta zare jiki.

Babba tana buƙatar akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. A sa kafinta ya yi shi da filawud mai kaurin milimita 15 zuwa 18, ya ɗaure da sukuru, domin ƙusa tana saki idan katako ya sha laima. A shafe ciki da banish mai haɗin ruwa sau uku, a cike layin da alluna suka haɗu da silikon irin na akwatin kifi, sannan a bar shi a buɗe har sai mutum ya cusa kai ciki bai ji wari ba, ko da zai ɗauki mako uku. Ƙofa ta zama ta gaba. Hannun da ya sauko daga sama a wurinta shaho ne, shi ya sa mai buɗe murfi ta sama ya fi shan cizo. Idan gilashi biyu masu zamewa za a sa, kaurinsu ya kai milimita 6, su zauna sosai cikin layinsu yadda ba za a iya ɗaga su a cire ba, a kuma sa musu makulli. Ratar da ke tsakanin gilasan biyu ita ce hanyar da ƙanana suka fi bi, sai a toshe ta da siririyar roba. Idan ƙofar katako ce, sakata biyu take so, sama da ƙasa, da kwado idan akwai yara a gidan.

Wurin shan iska ana yin biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa a ɓangaren sanyi, ɗaya sama a ɓangaren ɗumi. Daga ciki ake ɗaure ragarsa da sukuru, ta yadda in ta tura sai ta ƙara manne ta da bango. Wadda aka kafa daga waje kuwa turi kaɗan take jira. Raga mai kaushi tana goge mata hanci har ya yi gyambo. Ramin da waya ta shiga a cike shi da silikon. Salatif da duk wani abu mai danƙo kada ya shiga cikin akwatin: zafi zai sa ya saki, ya manne mata, cirewa kuma da fata yake tahowa.

Jaririya, wadda ba ta wuce santimita 40 ba, ta fi samun natsuwa a robar ajiye kaya mai maƙalli a kowane gefe. A huda ramuka da ƙusa mai zafi, kowanne kada ya kai faɗin fensir, a kankare bakinsu.

A daji wuni take yi cikin ramin ɓera ko tsohon suri, wuri mai duhu da matsi da laima, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka da yawa. Shi ake ƙoƙarin kwaikwayo. Jikinta ba ya samar da ɗumin kansa, don haka akwatin ya kasu biyu: gefe ɗaya digiri 31 zuwa 33 a inda take kwanciya, ɗaya gefen 25 zuwa 27, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 23. Ita za ta riƙa zaɓa. A akwatin katako, ƙwan ɗumi na tangaran da ba ya haske ya fi dacewa, a rataye a rufin gefe ɗaya cikin kejin waya, domin in ba keji za ta naɗe shi. Kowane abin ɗumi sai ya bi ta na'urar daidaita zafi mai yanke wuta da kanta, a kafa bakin awonta a ƙarƙashin ƙwan yadda ba za ta ture shi ba. Wannan na'ura ba wurin tsimin kuɗi ba ce. Mesa takan kwanta a kan abu mai ƙuna ba ta motsa ba har cikinta ya yi ja ya sale, dalilin da ya sa dutsen ɗumi mai lantarki da ake tallatawa bai cancanci saye ba. Ma'aunin zafi na dijital biyu ake sawa, ɗaya a kowane gefe, a ƙasa inda take.

Shawarwarin intanet yawanci daga ƙasashen sanyi suke, duk maganarsu yadda za a ƙara ɗumi. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu, abin a juye yake. Ɗakin kwano yana haura digiri 40, mesa kuma in ta daɗe sama da 35 babu wurin gudu tana iya mutuwa. A kashe ƙwan, a sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, a naɗe gorar ƙanƙara cikin tawul a ajiye a gefen sanyi. Da hunturu sai a koma ga ɗumi. Idan aka ɗauke wuta da dare, gorar ruwa mai ɗumi a naɗe da tsumma, da bargo a kan akwatin ba tare da toshe wurin iska ba, sun wadatar zuwa safiya. Kaskon gawayi kada ya kusanci ɗakin. Kuma ba a ba ta abinci a kwanakin da ɗumi bai tabbata ba, domin ɓeran da ta haɗiye ba zai narke ba, amayar da shi za ta yi.

Laima ita ce inda masu kiwo a arewa suka fi faɗuwa. Tana son kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20. Fesa ruwa yana ɗaga ma'auni na ɗan lokaci ne kawai. Abin da ke riƙe laima shi ne shimfiɗa mai zurfi, santimita 8 zuwa 10 na dakakken ɓawon kwakwa, a riƙa zuba ruwa a kusurwoyi, ƙasa ta jiƙe sama ta zauna a bushe. In saman ya zama caɓi, fatar cikinta za ta fara ruɓa, a ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Yashi bai dace ba. Garin katako na shagon kafinta ma haka, ba a san itacen da ke ciki ba, ga gam, ga maganin gara.

Saɓa ce ke tona asirin laima. Idonta zai yi hazo kamar an shafa shuɗi, bayan ƴan kwanaki ya washe, sannan ta tuɓe fatar gaba ɗaya kamar safar da aka cire a juye. In ta fito gutsu-gutsu, iska ta bushe. A duba ƙarshen wutsiya, domin zoben tsohuwar fata yana shaƙe jini har wurin ya mutu. A sa ta cikin roba mai rufi a kan jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi-ɗumi na minti 30, ta goge da kanta. Wadda ta maƙale a ido ba a taɓa ta da farce, aikin likitan dabbobi ne.

Maɓoya biyu take so, iri ɗaya, ɗaya a kowane gefe. In guda ce, za ta zaɓi ɓuya a kan ɗumi. Kaskon ƙasa a kife, an fasa masa ƙofa an goge bakin, ya fi na roba, yana da nauyi yana kuma riƙe laima. Ya matse ta har bayanta na taɓa rufin. Mesar da ke ƙin abinci, sau da yawa fili ne ya yi mata yawa. Kwanon ruwa ya zama mai nauyin da ba za ta kifar ba, a wanke shi duk kwana biyu.

Ɗakin da akwatin yake ba a fesa masa fiya-fiya ko wani maganin sauro, ba a kunna na hayaƙi, har turaren wuta gara a yi nesa da shi. Maciji ba ya iya tari. In an ji numfashinta yana ƙara kamar fito, ko ana ganin kumfa a bakinta, sai likita. Inda kwarkwasa ke shiga, a tsoma ƙafafun teburin da akwatin yake kai cikin gwangwanaye masu ruwa. Ɓeran gida ba abincinta ba ne, wataƙila ya ci guba. Mai rai kuma ba a barinsa da ita, yana iya gwaguyar ta. Bayan taɓa ta ko akwatin a wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa.

Kafin a kawo ta, a bar akwatin ya yi mako guda yana aiki babu kowa ciki, ana rubuta awon safe da rana da dare. Idan ta iso, wata biyun farko jarida za a shimfiɗa mata, don a ga kashinta, a kuma ga baƙaƙen ƙwari ƙanana kamar garin masoro da kan taru a gefen ido da cikin ruwan sha. Ta daji takan zo da kaska.

In duk da haka aka wayi gari babu ita, a rufe ƙofar ɗakin a toshe ƙasanta da tsumma, don da wuya ta yi nisa a daren farko. A duba bayan firji, ƙarƙashin katifa, cikin takalma da jakunkuna, da cikin kujerar kushin ta ƙasa. A barbaɗa fulawa a gindin bango da bakin ƙofa, a kashe fitila, da safe sawunta zai nuna inda ta nufa. Mutanen gida kuma a gaya musu nan take, musamman a gidan haya, domin maƙwabcin da ya gan ta a banɗaki taɓarya zai ɗauko kafin ya tambayi ta wane ce.